Ranar da Tukunyar Allura Ta Yi Shiru

Har in koma ga Mahaliccina ba zan manta da ranar da tukunyarmu ta daina fito ba. Ku matso, 'ya'yana, ku da kuka tarar da allurar da ake yi sau ɗaya a yar.

A shekarar yunwa, tamanin da uku, ina aiki a wani ƙaramin asibiti a Yendi. Ni ce mai dafa allurai da almakasan haihuwa. Tukunyar ƙarfe ce mai murfi da ƙusoshi, da ɗan hanci a sama. In ta tafasa, tururi ya fita ta nan yana fito.

Ruwan rijiyarmu kuwa mai zartsi ne. Yana barin farin ɓawo kamar alli, har cikin hancin. Maganin wanke shi ya daina zuwa daga Tamale, sai Sista, shugabarmu, ta sa muna jiƙa tsamiya duk Juma'a, mu tafasa ruwanta a ciki. Tsamin ya cinye ɓawon, sabo ma ba ya saurin kamawa.

Da yunwa ta tsananta, Sista ta dubi masu jego, ta ce, "Mma Adisa, tsamiyar nan a dama musu kunu. Ƙarfe ya yi haƙuri."

Wa zai ce a'a?

To, ran nan da hantsi wuta na ci, ina shanya, sai na ji shiru. Shiru! Na leƙa. Murfi na rawa, hanci ya toshe. Bayan bangon ɗakin kuwa, na laka, wata 'yar garin Karaga ce kwance tana naƙuda.

Maigadi ya ce, "Mma, gudu! Bam ce!"

Na ce, "Baba Salifu, ita mai naƙudar da wace ƙafa?"

Sista ta riƙe bakin ƙofa, ta ce, "Kar ki taɓa murfin. Kar ki zuba ruwa. Itacen kawai za ki janye."

Na shiga da rarrafe, ina salati. Ina jan itace ɗai-ɗai, ƙarfen na ƙas-ƙas a saman kaina. Ga tabon nan a hannuna. Sai da tukunyar ta huce tukuna muka ji kukan jariri.

Ranar Juma'a Sista da kanta ta raba tsamiya biyu, rabi kunu, rabi tukunya.

Aikin nan namu, abin da ke ihu bai cika kashe mutum ba. Ni har yau in butar shayi ta yi shiru a kan wuta, sai na miƙe.