Dugadugaina a Ƙarƙashin Turmi

Ina aji bakwai a firamare a Gumel lokacin da jijiyar bayan cinyata ta hagu ta ci amanata. Shekarar farin nan ce da ya ƙarar da dabbobi, a farkon shekarun saba'in. A gidan Gwaggo nake zaune, ƙanwar babana, saboda ƙauyenmu da ke bayan Ɗanzomo ba shi da makaranta.

Gaskiya ni ba gwanar karatu ba ce. Lissafi kam, Allah ya kyauta. Amma in dai gudu ne, ko mazan ajinmu sai su nemi hanya. Babu takalmi, sai in ɗaure zanena sama, Malamar wasanni ta hura usur, kafin a ce me, na kai ƙarshen fili ina jiran sauran.

Ana haka Baba ya zo cin kasuwa da labarin cewa jakinmu ya mutu. Rijiyar ƙauyenmu irin mai zurfin nan ce da ba a jan guganta a tsaye. Sai an ɗora igiya a kan itacen bakin rijiya, jaki ya ja ta ya yi nisa, sannan guga ya fito. Yanzu Inna ce take ɗora igiyar a kafaɗa tana tafiya cikin rairayi a madadin jakin.

"Kina gama shekarar nan za ki dawo gida," in ji Baba. "Sai fa in gwamnati ta ɗauke ki makarantar kwana. Wannan kam ba zan hana ba."

Na san jarrabawa ba za ta kai ni ba. Amma Malama ta ce za a yi tseren zaɓe, 'yan mata biyun da suka zo gaba su ne za su je gasa a Kano, kuma makarantun kwana suna sa ido a kan masu gudu. Daga ranar ban sake tunanin komai ba sai wannan tsere.

Saura sati uku, muna gwaji da yamma, sai na ji kamar an jefe ni da dutse a bayan cinya. Har na waiwaya zan zagi wadda ta jefe ni. Babu kowa a bayana. Na sake taka ƙafar, sai ga ni a zaune.

Malama ta danna wurin da yatsa, na ƙwalla ƙara. Ta ce jijiyar ce ta ɗan yage, in huta kwana goma. Dama ta taɓa koya mana wani motsa jiki na ƙarfafa wannan jijiya: ki durƙusa, wata ta danne miki dugadugai, ki riƙa tafiya gaba a hankali, jikinki a miƙe, har ki tare ƙasa da hannu. Sau biyar kawai take sa mu yi. Na ce mata ai sai in yi wannan in warke da wuri.

"Kul!" ta ce. "Wannan na ƙafa mai lafiya ne. Kada ki kuskura sai na ga kin daina ɗingishi."

Kwana goma cikin ashirin da ɗaya, ina zaune kamar tsohuwa, sauran suna ta gudu? Ina! A tunanina motsa jikin nan magani ne, kuma a gidanmu in ciwo ya yi tsanani ƙara yawan jiƙo ake yi. Washegari na roƙi Gwaggo ta danne mini ƙafa. Sau biyu na yi, ta leƙo fuskata, ta sake ni.

"Ke 'yar nan, ba da ni ba. Ba zan riƙe ki kina hawaye ba."

Ta dafa ruwa ta gasa mini wurin da tsumma, ta shafa man kaɗanya, ta ce in kwanta. Na kwanta ɗin. Amma kullum bayan azahar takan shiga maƙwabta kitso ko hira. Tana fita sai in kwantar da babban turminta a jikin katanga, in tokare shi da duwatsun murhu, in cusa dugadugaina a ƙarƙashi. In tafi gaba, in ji kamar ana zare mini jijiya da wuƙa, in kifa da fuska, in tofar da ƙasa, in sake tashi. Ashirin nake yi, wata rana talatin. Ina yi ina cewa, Allah ka taimake ni, ba na son igiyar nan. Wallahi tsoro ne yake tuƙa ni. Ko na rufe ido, kafaɗar Inna nake gani.

Bayan cinyar ya yi baƙi ƙirin har zuwa bayan gwiwa. Na ɓoye da zane. Na koyi tafiya ba ɗingishi a gaban Malama, ina cizon cikin kumatuna har in ji ɗanɗanon jini. Da ta tambaye ni, na dubi tsabar idonta na ce garau nake. Ta yi murna, baiwar Allah, ta rubuta ni cikin masu tsere.

Ranar zaɓe mu takwas muka jeru. Usur na tashi na fita, kuma na rantse har tsakiyar fili babu kowa a gabana. Har na fara ganin zaren da aka ɗaura a ƙarshe. Sai na ji ƙas! Da kunnena na ji, kamar tsohuwar igiya ta tsinke. Na faɗi, na yunƙura, ƙafar ta ƙi. Na kama rarrafe. 'Yan mata bakwai suka wuce ni ɗaya bayan ɗaya ina rarrafe ina ihu su tsaya, kamar wata za ta tsaya.

Malama ta iso a guje, ta ɗaga gefen zanena, ta ga baƙin.

"Innalillahi! Me kika yi wa kanki?"

"Abin da kika koya mana," na ce.

Ta rufe ido, ta saki gefen zanen. Na fi son a ce ta mare ni.

Jarrabawa ta fito yadda na zata. Baba ya zo ya ɗauke ni a motar kasuwa. Wata uku ina dogara sanda, daga nan na karɓi rabona na igiya. Ki sunkuya, ki kafa yatsun ƙafa a rairayi, ki ja har sai Inna ta kira daga bakin rijiya cewa guga ya fito, ki dawo ki sake. Safe da yamma. Na tsani rijiyar nan, na tsani garin, kuma na fi tsanar kaina. Ban taɓa lura da cewa ɗingishin yana raguwa ba, don ban sake gwada gudu ba ko da wasa.

Bayan shekara guda da 'yan watanni, wata safiya Inna ce take ja, ni ina bakin kwami ina shayar da awaki can gefe. Ta yi tuntuɓe, igiyar ta kuɓuce mata. Cikakken guga ya koma ƙasa, bakin igiyar ya kama ja a kan rairayi da gudu zuwa rijiya. Ita kaɗai ce igiyarmu. Ban san lokacin da na tashi ba. Na bi ta ƙafafuna ko taɓa ƙasa ba sa yi, na faɗa kanta saura taku uku ta shige.

Matan wurin suka yi ta salati. Inna ta ƙaraso tana haki, ta dubi tazarar da na yanko, ta dube ni.

"Ashe ƙafar nan ta warke," ta ce.

Ta warke kuwa, har ta fi da ƙarfi. Da na bar ta kwana goman nan! Na zauna a cikin rairayi da igiyar a hannu na yi kukan da ban yi ba ranar tsere. Inna ta jira na gama, sannan ta ce in tashi, awaki ba su gama sha ba.