Wayar Parabol Zuwa Ɗakin Inna

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in ɗauki biro. Karatuna bai wuce aji shida a lakol ba, kuma ina tsoron in rubuta kuskure wani ya yi aiki da shi ya cutu. Sau uku ina farawa ina yagewa. Amma tun damanar bara abin ya hana ni sukuni.

Gidanmu a Gazawa dogo ne. Akwatin wifi, irin wanda ake sa wa sim, yana ɗakina kusa da zaure, don nan ne rezo, wato sabis, yake kamawa. Ɗakin Inna, mahaifiyata, yana can ƙurya bayan rumbu. Tsakaninmu bango huɗu na ƙasa, kowanne ya sha yaɓe shekara da shekaru, wifi ba ya ko isa murhu. Inna gwiwoyi sun zaunar da ita, autarta kuma tana aure a Arlit, sun daɗe ba su ga juna ba. Da aka ce ƙanwar tawa tana da ciki, Inna ta ce ita dai a nuna mata fuskar yarinyar nan a salula, wato wayar hannu.

Na kira taubashina, mai gyaran parabol, farantin nan na kama tashoshin tele. Ya bi baƙar wayar da ta taso daga farantin da ke kan ɗakina ta bi kan katanga har telen Inna, ya yi dariya.

"Sarkin tsoro, ga hanya a kan katangarka kana ta zufa."

Ya kawo wasu ƙananan akwatuna biyu daga Maraɗi, kowanne kamar sabulun wanki. Ya cire wayar daga farantin parabol, ya ɗaura bakinta ga akwati ɗaya, ya haɗa shi da wifi na ɗakina. Ɗayan ya ɗaura shi a ɗakin Inna tare da wani ɗan wifi. Na ce, wayar tele za ta ɗauki magana?

"Waya ce, ba jandarma ba. Ba ta tambayar kayan da aka ɗora mata."

Ta kuwa ɗauka. Ranar Inna ta yi ta shafa gilashin salula da babban yatsa tana cewa autarta ta rame.

Aka haifi mace, aka ce sunan Inna za a sa mata. Muka shirya ranar suna bayan la'asar za su kira, su nuna mata jaririya da taron mata. Tun azahar Inna ta ɗaura sabon zane.

La'asar na yi, gabas ta yi baƙi. A garinmu da an ga hadari kowa cire wayar parabol yake yi, don kowa ya san wani da tsawa ta ƙone wa tele. Wannan wayar kuwa a kan katanga take, bakinta dab da gadon Inna. Na je ƙurya, na dawo zaure, na sake komawa. Na kira taubashina, bai ɗauka ba. Matata ta ce, "Malam, yanzu fa za su kira." Na ji rugugi daga nesa, sai na kwance wayar gaba da baya.

Na durƙusa na ce, "Inna, bari in goya ki zuwa ɗakina, can ba sai da waya ba."

Ni ne ɗanta na fari, ko sunana ba ta faɗa. Ta kau da kai ta ce, "Kai wannan, ɗakinka? A goye? Tashi ka ba ni wuri."

Hadarin ya bi ta kudu, wajen Gangara. Ko ɗigo bai sauka a gidanmu ba, amma ban iya mayar da wayar ba sai da sama ta washe gab da magariba. Lokacin mata sun watse. Washegari da suka kira, Inna ta ga takwararta tana barci. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce Allah ya yi albarka, ta ninke sabon zanen ta sa a akwati.

Taubashina ya ce wayar da aka raba da faranti ba ruwanta da tsawa. Na ce ya rantse, ya ce Allah kaɗai ya sani.

Ga damana ta sake matsowa, kuma bayan la'asar suke kira, daidai lokacin hadari. Don Allah, duk wanda ya karanta wannan, in ya san aikin waya da gaske, ya sanar da ni: irin wannan wayar tana jan tsawa? In an binne ta a ƙasa, za ta ci gaba da ɗaukar magana? Ba na son a kwantar mini da hankali kawai, gaskiyar nake nema.