Ranar da Muka Shiga Ofishinmu

Har gobe ban manta da ranar da muka kusa tayar da Birnin Gwari tsaye ba, kuma laifinmu ɗaya ne, mun shiga ofishinmu mun zauna. Lokacin ina malamin gona, saura kaɗan in yi ritaya. Aikinmu ba manoma shawara kan iri da taki da maganin ƙwari.

Ginin namu abin kallo ne daga waje. Wanda ya zana shi, Allah ya yafe masa, ina jin bai taɓa wuni a garin nan da bazara ba. Tagogi ne manya na gilashi da ba sa buɗuwa, wai na'urar sanyaya ɗaki za ta wadatar, alhali wutar lantarki sai ta ga dama take leƙo mu. Don haka tun tuni muka kwashe tebura da bencina muka tare a gindin mangwaron da ke bakin titi. Manomi in ya taso daga Dogon Dawa ko Tsohon Birnin Gwari, nan zai jingine babur ya yi sallama.

Ana nan sai Rukayya, 'yar wani abokina wadda ke karatun zanen gine-gine a jami'a, ta nemi izinin nazarin gininmu. Ga wanda bai sani ba, ɗalibin wannan fanni ba ya gamawa sai ya ɗauki gini guda ya bincika iskarsa da haskensa da yadda mutane ke amfani da shi. Malaminta ya riga ya yi watsi da aikinta na farko, ya ce a ɗaki ta zauna ta ƙirƙira. In wannan ma ya ƙi karɓa, sai ta maimaita shekara.

Shugabanmu Alhaji Sale mutum ne mai son a ga tsari. Ya tara mu ya ce, "Ba za a rubuta a jami'a cewa ma'aikatana a gindin bishiya suke kamar masu sayar da rake ba. Kowa ya koma ofishinsa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, Afrilu fa muke ciki."

Ya ce, "Ni ma na san watan, Malam Bala."

Ran Litinin muka share yanar gizo muka shiga, aka kai babura bayan gini. Alhaji ya ci babbar riga mai sitati. Kafin hantsi ya dubi ludayi sitatin ya saduda. Rukayya tana bin ɗaki-ɗaki da abin auna zafi, kowa ta tambaya sai ya ba ta amsar da aka koya mana: "Alhamdu lillahi, gini lafiya lau." Ta dubi abin awonta, ta dube ni na jiƙe sharkaf.

"Baba, kullum a nan kuke wuni?"

Na buɗe baki, sai na hango Alhaji a bakin ƙofa. Na ce, "Ana dai haƙuri, 'yata." Wallahi tausayinta ya kama ni, don abin da take rubutawa ba zai wuce gaban malamin nata ba.

Abin da ba mu yi tunaninsa ba shi ne mutanen gari. A wajenmu ba a jiran sanarwa, yanayi ake dubawa. Wani manomi ya iso ya tarar da gindin mangwaro wayam. Bai ko leƙa ciki ba, don bai taɓa jin an shiga ba. Ya juya kasuwa ya ce malaman gona sun gudu, lallai sun ji ƙishin-ƙishin mutanen daji na tafe. Kafin azahar shaguna sun fara rufewa. Matata ta kira ni tana kuka: "Malam, kana ina? Ka tsere ka bar mu?"

"Ina ofis."

"Haba Malam! Yanzu aka wuce ta can, ba kowa!"

Ban gama rantsuwa ba sai ga 'yan sa-kai da bindigoginsu sun banko ƙofa, suka tarar da mu muna fifita da fayil. Babbansu Ɗanjuma ya ce, "Ranka ya daɗe, ɓuya kuke yi?"

Alhaji ya ce, "Aiki muke yi."

"A ciki?"

Rukayya ta matso kusa da Ɗanjuma ta ce, "Malam, da a ina suke yi?" Ya nuna mata mangwaron, yana mamakin tambayar.

Alhaji ya miƙe tsaye. Ya tuɓe babbar riga, ya ɗauki benci da kansa ya fita da shi don gari ya gani. Da la'asar kasuwa ta buɗe.

Sauran kwanakin a gindin bishiya Rukayya ta yi su tare da mu, tana auna inuwa tana hira da manoma. Ta zana gyaran ginin da tagogi masu buɗuwa da doguwar baranda mai kallon titi. Da sakamako ya fito ta kira ni tana dariya tana kuka, malamin ya karɓa, har yana tambaya ko da gaske ne batun 'yan sa-kai.

Ku yaran da kuka kama aiki yanzu, ku riƙe wannan. A gari irin namu zaman ma'aikaci inda ake ganinsa ma aiki ne. Mutane da yawa ba shawarar taki ke kawo su ba, so suke su wuce su gan mu zaune, su san yau ma lafiya aka tashi.