Mutumin Kazaure, Ɗan Farin Dada

Tun da na yi wayo ban taɓa jin kakata Dada ta ambaci sunan Kawu Halliru ba. Shi ne ɗanta na fari, a gidanmu na Fulani kuwa uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ma yi masa magana kai tsaye sai ta kama dole. "Mutumin Kazaure" take ce masa. Yana zaune a tabarma a gabanta za ta juya wajen mahaifiyata, wadda ke bi masa, ta ce, "Asma'u, tambayi mutumin Kazaure ko ya ci abinci." Umma ta juya ta ce, "Yaya, wai ka ci abinci?" Shi ma ya amsa wa Umma, Umma ta mayar. Haka muka tashi muka gani, ba wanda ya taɓa ganin abin dariya a ciki sai baƙo.

A rugarmu da ke bayan Gwiwa aka haife shi. Da aka yaye shi sai aka kai shi riƙo wajen ƙanin kakanmu, wanda ke dillancin shanu a Kazaure, daga nan sunan ya samo asali. Can aka sa shi boko, ƙannensa kuma suka riƙe sanda. Idan suka tsokane shi cewa bai san ƙahon saniya daga kunnenta ba, yakan ce shi ma makiyayi ne, sai dai nasa garken ba ya cin ciyawa.

Gaskiyarsa ce. Yana gama sakandare aka ɗauke shi aiki a laburaren wata kwaleji a Kazaure, aikinsa mayar da littattafai kan kanta bayan ɗalibai sun watsar. Har yau, kowace yamma kafin a rufe, sai ya bi layi-layi hannunsa a baya, yana leƙen kowace kanta kamar yadda ƙannensa ke zaga garke idan an dawo kiwo. Daga baya ya yi difloma a fannin, ya koyi kwamfuta gemunsa ya riga ya fara furfura. Da yatsa biyu yake buga rubutu, ɗalibai na ce masa Baba Mai-yatsa-biyu, shi kuwa yana ce musu da yatsa biyun nan ake cin goro kuma ba a taɓa jin ya faɗi ba.

Wata damina rufin ɗakin ajiyarsu ya yi yoyo, gara ta biyo danshi ta shiga kundayen binciken da ɗalibai ke rubutawa kafin su kammala karatu. Na tuna ranar da ya zo gidanmu da guda ɗaya a hannu, ya buɗe, ƙasa ta zubo. Ko shayin da Umma ta haɗa masa bai sha ba. Bayan wannan ne shugabar laburaren, Hajiya Khairiyya, ta ce a ɗauki hoton duk abin da ya tsira shafi-shafi, a zuba shi a rumbu na intanet, inda ruwa da gara ba sa kaiwa, kuma kowa zai iya buɗewa daga wayarsa. Manhajar da suka ɗauko ba ta wani kamfani ba ce. Buɗaɗɗiya ce, masu laburare da masana kwamfuta na ƙasashe da yawa ne suka haɗu suka gina ta, wanda ya so ya ɗauka kyauta, wanda ya iya ya gyara, ya kuma nuna wa saura gyaran da ya yi.

"Gayya ce," in ji Kawu, da Umma ta tambaye shi. "Kowa ya zo da fartanyarsa. Bambancin kawai, ba ka ganin fuskar wanda ke nome kuyyar da ke kusa da taka."

Shi ya kawo shawarar a ware wani ɓangare a rumbun don muryoyin mutanen gida, waɗanda iliminsu ba a takarda yake ba. Shi kuma ya tsara dokar wurin, don tun yana yaro yake ganin masu bincike na zuwa ruga da rikoda, su kwashi magana su tafi, ba a ƙara jin ɗuriyarsu. Dokar ta ce ba muryar da za ta shiga sai mai ita ya faɗa da bakinsa, a farkon ɗauka, sunansa, da cewa ya yarda, da sunan ma'aikacin da ya damƙa wa maganarsa. Kwamitin laburare ya amince, Hajiya ta yaba, Kawu ya saita manhajar yadda idan ba a cike gurbin wannan bayani ba, ba za ta karɓi komai ba. Ya yi ta alfahari da wannan doka har muka haddace ta.

Ya ɗauko muryar wani maƙeri a Roni, ya ɗauko ta wata mai saƙar faifai a Babura. Amma wadda yake so tun farko ita ce Dada. A sa'o'inta ita kaɗai ta rage da ta san sunayen rijiyoyi da mashaya tun daga Gwiwa har bakin iyaka, da ciyawar da ke sa nono da wadda ke kumbura ciki, da asalin kowace saniya a garkenmu. Ta yi wata jinya da ta tsorata mu, ta tashi muryarta ta sirance. Kawu ya ce ba zai jira wata jinyar ba.

Wata Asabar da hantsi muka isa ruga, ni da Umma da shi. Dada na dama fura a gindin ƙirya. Umma ta yi mata bayani, Dada ta ce ba komai, magana ai ba ta ƙarewa don an ɗiba. Kawu ya ajiye rikoda a kan faifai ya koma gefe.

"Ni ce Halimatussa'adiyya," in ji Dada, tana gyara zama. "Na yarda a ajiye maganata kowa ya ji. Na kuma damƙa ta a hannun…" Ta tsaya. Ta ɗauki ludayi ta juya furar da ta riga ta damu. "A hannun mutumin Kazaure."

Umma ta cusa fuska a mayafi, kafaɗunta na rawa don dariya. Kawu ya dubi Dada, bakinsa a ɗan buɗe. A duk watannin da ya yi yana tsara dokar nan, bai taɓa tuna cewa uwarsa ba za ta iya cika ta ba.

"Asma'u," ya ce a hankali, "gaya mata sunan ake so. Sau ɗaya kawai."

"Asma'u," in ji Dada, "tambaye shi ko karatun ne ya taɓa masa kai."

"Gaya mata na'urar ce ba za ta karɓa ba."

"Tambaye shi wa ya haifi na'urar, da ba a koya mata kunya ba."

Umma ta ce ita dai a bar ta ta huta, wuyanta ya gaji da juyawa. Muka sha fura muka komo Kazaure da rikoda babu komai a ciki sai wannan.

Da ya ba Hajiya Khairiyya labari, ta yi dariya har ta cire tabarau tana share ido. Sannan ta ce abu mai sauƙi ne, ita za ta je da kanta, Dada ta ambaci sunanta, shi ke nan. Mako na zagayowa muka tafi a motarta. Dada ta shimfiɗa mata sabuwar tabarma, ta sa aka kawo kindirmo, ta ɗaure mata man shanu a ƙwarya. Kawu ya tsaya bayan zana don kada ya takura ta. Amma da aka zo kan magana sai Dada ta girgiza kai.

"Hajiya, ke baƙuwar kirki ce, na ga alama. Sai dai ban san gidanku ba, ban san inda za ki kai ba. Wancan kuwa na san inda zan same shi."

"Wane wancan, Dada?" in ji Hajiya, tana murmushi.

"Kin fi ni saninsa, kullum kuna tare. Abin da aka ba shi ajiya ba ya ɓata. Tun yana ƙarami haka ake gaya mini. In ba shi ba, a bar maganar a cikina."

Na leƙa bayan zana. Kawu na tsaye yana ta gyara hular da ba ta karkace ba.

A hanyar dawowa muka yi ta tafiya har muka hango duwatsun Kazaure. Sannan Hajiya ta ce, "Malam Halliru, dokar nan kai ka rubuta ta, don a kare mai magana, ba don a rufe masa baki ba. Manhajar kuma ba a kulle take ba. Me zai hana a ƙara gurbi?" Suka tsara shi tun a mota: wanda al'ada ta hana shi kiran suna ya faɗi sunan da ya saba kira, sannan wani na gida ya shaida a cikin ɗaukar cewa wane ake nufi. Kwamiti bai yi gardama ba, don an samu mutum biyu a cikinsu da su ma 'ya'yan fari ne.

Ƙara gurbin ne ya ba Kawu wuya. Ya taɓa wani wuri shafin gaba ɗaya ya ɓace, ya mayar da shi da ƙyar yana salati. Daga ƙarshe ya rubuta tambaya da yatsunsa biyu a zauren da masu amfani da manhajar ke taimakon juna, ya bayyana matsalar dalla-dalla, har da zancen ɗan fari. Wata ma'aikaciyar laburare daga can kudancin Afirka ta amsa masa. Ta nuna masa inda zai gyara, ta ce su ma suna da tsofaffin da ba sa kiran sunan surukai, ta kuma roƙe shi in ya gama ya turo musu su ɗauka. Kawu ya zo gidanmu yana tafiya kamar wanda aka yi wa naɗi. Ya ce wa Umma yau ya ga fuskar mai kuyyar kusa da tasa.

Zuwa na uku, Dada ta faɗi nata kamar yadda ta faɗa da farko. Da Umma ta buɗe baki za ta ce, "Ni Asma'u na shaida mutumin Kazaure shi ne…" sai Dada ta miƙe ta ce bari ta duba wani ɗan maraƙi, ba ta dawo ba sai da sunan ya wuce. Daga nan ta zauna ta shiga magana, rijiya bayan rijiya, saniya bayan saniya, har inuwar ƙiryar ta juya muka ja tabarma.

Cikin asalin shanun ne ta zo kan wata fara mai suna Daneye. Ta ce da safiyar da mutumin Kazaure ya zo duniya Daneye ta haifi 'yar maraƙa, aka ce tasa ce. Ranar da aka tafi da shi riƙo, ba halin ta yi kuka a gaban surukai, sai ta bi maraƙar nan daji ta wuni tare da ita. Ta ce duk farar saniyar da ke garken nan yau jininta ce, ba a taɓa sayar da ko ɗaya ba.

Kawu ya daɗe yana kallon rikodar. "Asma'u," ya ce, "tambaye ta me ya sa ba a taɓa gaya mini ba."

"Gaya masa," in ji Dada, "bai taɓa zuwa da rikoda ba."

Yanzu muryar tana cikin rumbu. Ranar da na buɗe mata a wayata ta saurara kaɗan, ta ce wace tsohuwa ce wannan mai surutu haka. Na nuna mata wurin sunan ma'aikaci, layi biyu, na sama sunansa na yanka, na ƙasa sunan da take kiransa. Ta tambaye ni wanne ne nata, na ce na ƙasa. Ta rufe na saman da babban yatsa, ta kalli na ƙasan da kyau duk da ba ta karatun boko, sannan ta miƙo mini wayar ta ce in gaya wa mutumin Kazaure fararensa sun yi yawa, ya zo ya koyi tatsa.