Shekarar da Talabijin Ta Koyi Hausa

Shekarun baya, ban daɗe da ajiye aikin koyarwa ba, na sami wani aiki wanda ba shi da albashi, ba shi da ofis, amma har yau ban riƙe muƙamin da nake alfahari da shi kamarsa ba. Na zama idon abokina a ranakun Asabar. Ku da kuke bibiyar ɗan abin da nake rubutawa a nan ku yi haƙuri da ni, domin tsoho ba ya iya ba da labari sai ya faro shi daga tushe.

Ni da abokin nawa tare aka sa mu firamare a nan Potiskum. Ni Babarbare ne, shi Bafillace, saboda haka tun muna yara ba mu taɓa daidaitawa a kan wane ne bawan wani ba. A aji huɗu mahaifinsa ya cire shi ya kai shi kasuwar shanu. Ni kuwa na zarce har kwalejin horon malamai, inda aka koya mana irin Turancin nan da sai an yi masa guga kafin a furta shi. Ya zama dillali, daga baya ya zama babban ɗan kasuwa mai aika tireloli kudu. Amma a samartakarmu ba da shanu aka san shi ba. Shi ne golan ƙungiyar gari, mutum dogo mai faffaɗan tafin hannu, ni kuma sakataren ƙungiyar, domin ƙafata da ƙwallo ba su taɓa jituwa ba.

Da girma ya zo, ciwon suga ya taɓa masa idanu. A hankali ganin ya yi ta ja da baya har ya kai ba ya bambance komai sai haske da duhu. Ya miƙa kasuwa ga babban ɗansa, ya zauna a gidansa da ke Yindiski.

A daidai wannan zamanin ne ƙwallon Turai ta gama cinye garin nan. Filin da muka yi wasa a cikinsa ya koma wurin koyon tuƙin mota, gidajen kallo kuwa suka cika kowace unguwa, kowanne da allonsa a ƙofa an rubuta wasannin ranar da alli. Yaron da bai taɓa wuce Damaturu ba, sai ya faɗa maka wanda ya ji rauni a gwiwa a wani gari na Ingila. Su kuma kamfanonin da ke nuna wasannin suka shiga kokawa da juna a kan rufin gidajenmu. Wannan ya ce shi kaɗai ke da izinin nuna gasar Ingila, wancan ya ce nasa ya fi araha kuma ga gasar Sifaniya da ta Italiya, wani kuma ta ƙasashen Larabawa yake zuwa, mai sharhinsa yana ihu kamar gidansu ne ya kama da wuta. Sai ka ga gida ɗaya da dish biyu, kowanne ya juya wa ɗan'uwansa baya.

Abokina na gasar Ingila ne, kuma na masu jar riga. Ni na masu shuɗiya ne, ba don komai ba sai don ya zama muna da abin faɗa. Sharhin kuwa da Turanci ake yi. Shi ba ya jin Turanci, ba ya kuma ganin hoton. Don haka kowace Asabar bayan azahar sai in sa kaftanina mai sitaci, in ɗauki tabarau, in tafi Yindiski. Yana da kujera mai hannu biyu ta katako, ni kuma tawa tana damansa. Da na yi sallama zai ce wa mutanen gida bawansa ya iso, a kawo masa fura kada ya suma a bakin aiki. Ni kuma in amsa cewa ban taɓa ganin ubangidan da ba ya iya cin abinci sai bawansa ya nuna masa bakin kwano ba.

Da farko fassara nake yi, kalma bi kalma, kamar ina gaban sufeton makarantu. Bai daɗe ba ya hana ni. Ya ce shi ba abin da Bature ya faɗa yake so ba, abin da na gani yake so. To sai na koyi wata hanya. Idan ɗan gaba ya taho da gudu, sai in ce ga direban nan na tashar Mamudo da bai san birki ba. Idan ɗan baya ya tokare hanya, in ce ga bijimin da ya ƙi hawa tirela. Kowane ɗan wasa na ba shi wani mutum daga cikin waɗanda muka sani, rayayyu da matattu, har ta kai idan na ambaci sunan gaskiya sai ya ce, wane ne kuma wannan?

Abin da ya fi muhimmanci shi ne lokacin da aka doso raga. Tsohon gola ne, saboda haka dole in faɗa masa ta ina ƙwallo za ta bi. In ce hagu, ƙasa. Kafin in rufe baki hannunsa na hagu ya bar hannun kujera ya faɗa gefe, yatsu a buɗe. In ce sama, ta dama. Hannun ya tashi. Idan golan cikin talabijin ya kama, sai ya gyaɗa kai ya ce haka ake yi. Idan ta shige, sai ya ce da shi ne da ba ta shiga ba, kuma na yarda da shi. Ya taɓa make kofin shayi a kan wani bugun fenareti, muka yi ta dariya har aka kira la'asar. Wani lokaci, idan masu jar riga suna shan matsi, nakan ɗan sassauta labarin. Ba ya ɓoyuwa. Sai ya ce, "Hedimasta, ji yadda Turawa ke kururuwa, kai kana ce mini ana ta ba-ni-in-ba-ka a tsakiya. Babarbare ko ƙarya bai iya ba."

Haka muka yi shekaru.

Ana nan sai ɗaya daga cikin kamfanonin, domin ya ƙwace masu kallo na Arewa daga hannun abokin hamayyarsa, ya sanar cewa zai fara sharhi da Hausa. Gari ya ɗauka. Babban ɗan abokina, mutum mai biyayya ƙwarai, ya je ya sayo dikodarsu, aka hau rufi aka juya dish. Niyyarsa alheri ce, kuma har gobe ba ni da abin zarginsa.

Na iso ranar Asabar kamar kullum, na zauna, na gyara murya. Alƙalin wasa ya busa, sai na ji talabijin ta yi sallama da Hausa. Wani saurayi ne mai zaƙin baki, ga barkwanci, ga sanin tarihin kowane ɗan wasa har kakansa. Falo ya cika da mutanen gida da maƙwabta, kowa yana mamaki. Na buɗe baki sau ɗaya ko biyu, na ga magana a kan magana ce, na yi shiru. Abokina yana ta dariyar zantukan yaron. Da aka tafi hutun rabin lokaci ya juyo wajen da nake ya ce, "To, bawana, yau na 'yanta ka. An yi maka ritaya ta biyu."

Na yi dariya tare da kowa. Na ma ƙara da cewa wannan ritayar ta fi ta gwamnati, tunda ba sai na yi ta zarya a kanta ba. Amma a hanyar komawa gida maganar ta zauna mini a ƙirji. Mutumin da ya yi shekara da shekaru ana tashi tsaye idan ya shiga aji, ba ya son zama a wurin da ba a bukatar muryarsa. Ina faɗa muku wannan ne ina murmushi, amma a lokacin ban ga abin murmushi ba.

Asabar ta gaba aka yi ɗaurin aure a Gadaka, na tafi. Na yi tsammanin zai aiko a tambayi lafiya. Bai aiko ba. Na ce a raina, ka gani, ya sami wanda ya fi ka. Ta gaba ma ban je ba. Daga nan rashin zuwan ya zama shi ne al'ada. Ba faɗa muka yi ba. Ina zuwa gaishe shi da salla, muna haɗuwa a suna da jana'iza, muna tsokanar juna kamar da. Sai dai babu wanda ya taɓa ambaton Asabar. Ni ina ganin bai kamata in cusa kaina ba, shi kuma, kamar yadda na ji daga baya, yana da nasa lissafin. Uwargidana ta gaji da ganina ina kallon wasa ni kaɗai ina motsa leɓe. Ta ce da ni, tsofaffi biyu, kowa ya kame yana jira a zo a roƙe shi, sai ka ce sababbin surukai. Na ce mata ba ta fahimci al'amarin maza ba. Ta ce lalle kuwa.

Kakar wasa biyu ta wuce a haka.

Wata Juma'a da yamma babban ɗan nasa ya zo gidana. Bayan gaisuwa ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba Malam, Alhaji ya ce a faɗa maka talabijin ta koma Turanci. Wai in da hali gobe."

Ban yi mamaki ba, domin a lokacin kamfanonin nan ba sa shekara a kan magana ɗaya. Yau wannan ke da gasa, gobe wancan ya ƙwace. Na yi masa doguwar lacca a kan rashin alƙawarin 'yan kasuwar zamani, yana saurare yana cewa haka ne, Baba. A ranar na sa aka yi wa kaftanina sitaci sau biyu.

Na tarar da abokina ya rame, kujerar ta yi masa yawa. Amma da ya ji sallamata ya ce a kawo wa bawa fura, ya gudu ya ga duniya ba daɗi ya dawo. Aka take wasa, Bature ya fara nasa, ni ma na fara nawa. Wasu daga cikin 'yan wasan sun canja, sai da na nemo musu sababbin mutane. Can aka doso raga, na ce dama, ƙasa. Hannun ya tafi, a hankali fiye da da, amma ya tafi. Ya ce haka ake yi.

Ba mu ƙarasa wannan kakar tare ba. Kafin a san wanda zai ɗauki kofi, Allah ya karɓi abinsa.

Bayan an share makoki da ɗan lokaci, wata Asabar ƙafata ta kai ni Yindiski don in gaida iyalinsa. Tun daga zaure na jiyo muryar saurayin nan mai zaƙin baki tana sharhi da Hausa. Na ce wa babban ɗan, ashe kamfanin ya sake shawara ya dawo da ita. Ya rage sautin, ya daɗe yana juya rimot a hannunsa. Sannan ya ce, "Baba Malam, ai ba su taɓa cire ta ba. Maɓalli ne a nan, ka zaɓi Hausa ko Turanci. Alhaji ne ya sa na mayar, ya ce kuma kada in faɗa maka."

Ya ba ni sauran labarin a tsaye. Ya ce tun a watannin farko mahaifinsa ya daina dariyar sharhin. Yaron cikin talabijin da masu ido yake magana. Idan aka doso raga sai ya ce ku kalli wannan, ku kalli wannan, ba ya cewa hagu, ba ya cewa dama. Ɗan ya ce sai ka ga Alhaji zaune, hannuwansa biyu a kan kujera ba sa motsi har a tashi. Sun sha cewa bari a kira Baba Malam, yana hanawa. Cewa yake yi ya riga ya 'yanta ni a gaban jama'a, kuma ya ɗora mini wahala shekara da shekaru, tunda na sami hutu ban dawo ba, ashe dama nauyinsa nake ji, a bar ni in huta. Sai da ya ji jikinsa ya fara gaya masa gaskiya, sannan ya nemo hanyar da zai kira ni ba tare da ya roƙa ba, ni kuma in zo ba tare da na sauke girmana ba.

Na nemi wuri na zauna. Kujerar tana nan inda take.

Na sha tunanin wannan al'amari. Ba na jin haushin kamfanonin, kasuwarsu suke ci, kuma sharhin Hausa alheri ne ga dubban mutanen da ba su da Babarbare a damansu. Har yau suna ta kokawarsu, yanzu ma ta koma cikin wayoyin hannu, kowa ya sunkuya yana kallon nasa shi kaɗai. Abin da ke ci mini rai ƙarami ne. Mu biyu mun iya zagin juna a gaban kowa tun muna yara, amma ɗayanmu bai iya cewa ɗan'uwansa ina son ka zo ba, ko ina son in zo. Kowannenmu ya ɗauka yana sauƙaƙa wa ɗayan ne. Kuma a ranar farko ta sharhin Hausa ina zaune dab da shi, kunnena yana kan muryar da ta maye gurbina. Da idona ya sauka kan hannun kujera, da na ga abin da ɗansa ya gani.

Ina kallon wasa har yanzu, kuma na koma bayan masu jar riga, tunda babu sauran wanda zan saɓa wa. Uwargidana ta ce idan aka doso raga tana jin ina cewa hagu, ƙasa. Ban musa mata ba. Nakan faɗa, sannan in ɗan dakata, gwargwadon lokacin da hannu yake ɗauka kafin ya isa.

Allah ya jiƙan ubangidana. Wannan karon na bar masa.