Hajiya Maijidda Mai Zumunci a Ƙafa

Hajiya Maijidda ta unguwar Kwarbai ɗinkin hula take yi. Tun rasuwar mijinta, a ƙofar ɗakinta take wuni da allura da zare, salla kaɗai ke tayar da ita. A shekarar 1988 ƙishirwa ta matsa mata, ga yawan fitsari, ga haki ko tsakar gida ta ratsa. Ɗanta Mustapha, ma'aikacin ƙaramar hukuma, ya kai ta asibiti, aka ce ciwon sukari ne.

Likita ya rubuta magani, ya faɗi abincin da za ta rage, sannan ya ce, "Hajiya, kin san yadda tsatsa ke cin ƙarfe? Haka sukari ke cin zuciya a hankali. Amma zuciyar da ta saba da doguwar tafiya ta fi juriya. Ki riƙa takawa kullum har ki yi gumi."

A hanyar gida ta ce, "Mustapha, ina ni ina yawo ba dalili? Cewa za a yi na zautu."

"To Iya, ki riƙa zagaya tsakar gida mana."

Ta gwada, ta ga tsakanin turmi da rijiya ba wata tafiya ba ce. Sai ta samo wa kanta dalili. Duk barka ko dubiya ko ta'aziyyar da ta taso a dangi, ita ce mai zuwa, kuma a ƙafa. Da fari ko unguwar Babban Dodo da ke kusa da su ba ta kaiwa sai ta zauna a dakalin wani ta huta. Kafin damina ta zagayo, har Ƙofar Gayan take zuwa ta dawo, mayafinta sharkaf da gumi.

A irin wannan tafiya ta faɗa gidan Mariyamu, 'yar kawunta da suka daɗe ba sa magana, ta tarar ita ma ciwon ya kwantar da ita. Ba ta tayar da tsohon zance ba. Washegari ta dawo ta ce, "Tashi ki raka ni bakin lungu." Daga baya tare ake ganinsu, suna tafe suna musu.

Sukarin bai rabu da ita ba, ba ta kuma daina shan magani ba, amma hakin ya tafi. Da Mustapha ya sayi babur ya ce zai riƙa kai ta unguwa, sai ta miƙa masa ƙullin goron da za ta kai Limancin Kona.

"Wuce da wannan, ka ce musu ina tafe."