Abin da Goggo Mai Guga Ta Zaro daga Bututu

Goggo ƙanwar mahaifina ce, da guga ta riƙe kanta tun rasuwar mijinta. Ɗaki da falo take haya a ƙasan bene. Da na gama jami'a ban samu aiki ba, ita ta shimfiɗa mini katifa tsakanin ƙullin kayan mutane. Ba ta da faɗa, amma ba ta mantuwa.

Wata safiya masai ya fara gurnani, sai ruwa ya taso ya tumbatsa. Na tsaya ina kallo. Goggo ta ture ni, ta murɗe famfon da ke bayan tanki, ta ce in tare bakin ƙofa da tsofaffin zannuwa. Ta danna robar nan mai sanda ta buɗe masai har kafaɗarta ta riƙe. Ruwan bai sauka ba, don daga sama yake zuwa, inda tela ƙanin matar maigidan haya yake da shago. Kafin ya tsaya ya jiƙe kayan da ta goge.

Masu kaya suka kwashe abinsu suna toshe hanci. Maigidan ya zo, bai ko leƙa ba ya ce ƙazantarmu ce, mu tashi ƙarshen wata. Tela na jingine a bene yana sakace, ya ce ai tsohuwa ba ta saba da masan zamani ba.

Goggo ta naɗe hannun rigarta. Ta ɗaga murfin ramin da bututai ke haɗuwa a tsakar gida, ta lanƙwasa bakin doguwar waya, ta zura hannu har gwiwa. Ƙyallaye ta dinga zarowa, dunƙule da zare, har ruwan ya wuce da ƙugi. Ashe tela in ya share shago a masai yake juyewa, ƙyuyar sauka da shara.

Na ce mu kira maigidan yanzu ya gani. Ta ce a'a, a haka kowa kau da kai zai yi. Ta wanke ƙyallayen fes, ta sa sitaci, ta bi su ɗaya bayan ɗaya da dutsen guga tana ɗan waƙa a hanci. Waƙar ce ta fi ba ni tsoro.

Ta jira har ranar da matar maigidan ta zo gwajin ɗinki da ƙawayenta, sannan ta shanya su a igiyar bakin bene. Matar ta ja ta tsaya. A ciki akwai hannun riga na leshinta mai tsada, wanda ƙanin ya rantse ɓarawo ne ya ɗauke. Ashe yanka ya ɓata, ya daddatsa ya tura.

“Hajiya, kin gane naki?” in ji Goggo. “Na goge miki, kyauta.”

Da yamma maigidan ya aiko cewa mu zauna, tela ne zai kwashe kekensa. Telan ya sauko ya durƙusa yana kiranta Baba, ta sa baki don Allah, yana da iyali. Na ji tausayinsa, na dube ta. Ta ɗiga ruwa a dutsen guga ta ji ko ya yi zafi.

“Matsa mini, ɗan nan,” ta ce masa. “Ka tare mini haske.”